Tsamiyar Cikin Majigi

Labaran ya farka bayan la'asar jikinsa a mace, ƙarar injinan saƙa ta daren jiya ba ta gama fita daga kunnuwansa ba. Ya yi salla, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon 'yarsa Zaituna tana tuƙa tuwo a tsakar gida. Ta bayan katanga manyan motoci na wucewa ta hanyar Dakata, ƙasa na ɗan girgiza, ruwan randa na rawa. Babu wanda ya ce da wani uffan. Haka gidan ya zama tun rasuwar Uwani, matarsa, uwar yarinyar.

Da rana ta yi ja sai ya miƙe kamar kullum, ya shiga ɗaki, ya rataya bargo a taga, ya warware allon nan mai ruwan azurfa a jikin bango. Ya ɗora majigi a kan akwati, ya zura fim a tsakanin haƙoran majigin da yatsun da suka riga suka haddace hanya. Sannan ya kira Zaituna. Ta sauke tukunya, ta goge hannu a zani, ta shigo ta zauna a tabarma, ya miƙa mata tabarau.

Kayan nan na wani Baturen injiniya ne da Labaran ya yi aiki a ƙarƙashinsa a wata masaƙa a Bompai, inda yake makanikin injina. Da aka fara rage ma'aikata Baturen ya tattara zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa akwatin gaba ɗaya: kyamara mai ido biyu da ake wanawa kamar agogo, da majigin, da allon, da tabarau masu duhu-duhu. Kyamarar tana ɗaukar hoto biyu a lokaci guda, ɗaya na idon dama ɗaya na hagu. Idan aka haska, aka kalla da ido tsirara, sai a ga abu dishi-dishi, kowane mutum ya zama biyu. Amma da an sa tabarau sai bangon ya buɗe. Na nesa ya koma can nesa, na kusa ya taso har mutum ya kai hannu.

Sau ɗaya Labaran ya ɗauki iyalinsa da ita. Wata Juma'a ce, ya kai su bakin kogin Challawa, inda ake share fili za a gina sababbin masana'antu. Wata tsohuwar tsamiya ce kaɗai ta rage a tsaye a wajen, katafila na hutawa nesa kaɗan. Uwani ta tsaya a gindinta da lulluɓinta, tana jin kunya tana dariya, Zaituna na janye mata hannu daga fuska. Fim irin wannan ba a wanke shi a nan, sai an aika ƙasar waje. Ya aika. Kafin fim ɗin ya dawo zazzaɓi ya kwantar da Uwani, kuma ba ta tashi ba. Bayan an yi sadakar arba'in ne ƙunshin ya iso ta gidan waya.

Tun daga ranar bai taɓa tsallake yammaci ba. Kafin ya hau keke ya tafi aikin dare, sai ya ga Uwani ta tako daga bango, gefen lulluɓinta na kaɗawa a tsakiyar ɗakin.

A wannan yammacin ma haka aka yi. Majigi ya yi ta ƙaƙat-ƙaƙat, Uwani ta yi dariyarta, reshen tsamiya ya miƙo har saman kansu. Fim ya ƙare, jelarsa na dukan faifai, allo ya yi fari fat. Labaran ya kai hannu zai kashe ke nan sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya saurara. Wani ya sake faɗowa, mai nauyi, ya gangara a hankali har bakin indararo. Ya fita yana zaton yaran layi ne. Babu kowa a layin, duk an tafi masallaci, ladan ya kai tsakiyar kiran magariba. Da ya dawo ɗaki sai ya ji ƙanshin ɗanyar tsamiya ya cika ko'ina, Zaituna kuwa tana nan zaune da tabarau a fuska, tana kallon allon da babu komai a kansa.

"Baba," in ji ta a hankali, "akwai wata a bayan Inna."

Ya cire mata tabarau, ya ce gajiya ce. Ya yi salla, ya hau kekensa.

Daga nan gida ya ƙi zaman lafiya. Da an kashe majigi sai jifa ta fara, ba da fushi ba, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ba za a buɗe ba. Da safe a tarar da busassun 'ya'yan tsamiya na yawo a cikin randa. Maƙwabta suka fara jin tarin tsohuwa daga ɗakin, alhali sun san babu tsohuwa a gidan. Matan layi suka daina shigowa aron wuta. Zaituna ta rage cin abinci, ta daina zuwa makarantar allo ta yamma, ta koma kwana a jingine da bangon da ake rataya allo. Wani lokaci ya dawo da asuba ya same ta a tsugune, tana share ƙasa da tafin hannu a hankali, irin yadda mai gyaran gindin itace ke yi.

Labaran ya yi abin da ya sani. Ya karanta ayoyi ya tofa a kusurwoyi, ya samo turare ya banka, ya karɓo rubutu. A masaƙa barci ya riƙa ɗaukarsa a tsaye, har wata rana bel ɗin inji ya kama hannun rigarsa ya yage ta zuwa kafaɗa. Abu ɗaya ne bai yi ba. Bai daina kunna majigin ba. Kullum yakan ce wa kansa yau ce ta ƙarshe, kullum kuma rana na yin ja sai ya ga hannunsa na rataya bargo.

Yayarsa Ma'u ce ta zo daga Hotoro, da labari ya kai mata. Ta dubi yarinyar, ta dubi ƙanenta, ba ta yi masa faɗa ba, domin ta ga babu inda faɗan zai zauna a jikinsa. Washegari ta dawo da Malam Ashafa, wani dattijo da ke karantarwa a tsohon garin Sharada, wanda aka sani da irin wannan lamari.

Malam ya zauna a kan buzunsa, ya saurari labarin duka bai katse ba. Da almuru ta kawo jiki sai ya ce a nuna masa abin. Ya sa tabarau a kan hancinsa, ya kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, bai motsa ba ko da reshen ya taso masa. Sannan ya cire, ya naɗe, ya ajiye. Ya ce a kashe. Ya sa Ma'u ta riƙe kafaɗun yarinyar, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa.

Jifa ta fara, ta yi ta yi, ta tsaya. Zaituna ta sandare. Bayanta ya lanƙwashe, wuyanta ya shige tsakanin kafaɗu, har Labaran ya ga kamar 'yarsa ta tsufa a gabansa. Da ta buɗe baki, muryar da ta fito busasshiya ce, mai ja da ƙyar.

"Ya isa, Malam. Ban zo da faɗa ba."

Malam ya tambaye ta ko wace ce, da abin da ya kawo ta gidan bayin Allah. Ta ce ita aljana ce, musulma, kuma tsohuwa ko a cikin nata jinsin. Ta ce a wata kuka take zaune a Bompai tun wajen yana daji, aka sare. Ta koma wata rijiya a Sharada, aka cike ta aka zuba siminti. Ta ja jiki zuwa tsamiyar Challawa, tana cewa a nan za ta ƙare kwanakinta, katafila ta tumɓuke ta da rana tsaka. Ta yi ta gararamba tsakanin katangu da hayaƙi, ba inuwa, ba shiru. Sai wani yammaci ta hango tsamiyarta a tsaye a cikin ɗakin nan, da rassanta, da kogon da take kwana, har da zurfinsa.

"Na shiga na zauna. Ban gama miƙe ƙafa ba maigidan nan ya kashe. Kullum haka. In ya kashe ina zan sa kaina? Sai in raɓa jikin yarinyar in jira gobe."

Malam ya ce mata zalunci ne, ta kuma san hukuncinsa. Ta ce ta sani. Sannan ta kawo sharaɗinta: a bar na'urar a kunne dare da rana, ita kuma ba za ta ƙara taɓa yarinyar ba.

"Na yarda," in ji Labaran. Maganar ta fita kafin ya san ya yi ta.

Malam bai juyo ba, hannu kawai ya ɗaga masa. Ya ce da ita wannan ba itace ba ne, haske ne a kan ƙyalle, ba ya ba da inuwa, ba ya riƙe kowa. Ya faɗa a hankali, ya kuma maimaita, Labaran ya gane ba ita kaɗai ake gaya wa ba. Ta nemi a bar mata yarinyar da almuru kawai, Malam ya ƙi. Ta nemi kusurwar ɗakin, ya ƙi. Ya ce ta nausa arewa, inda titi bai kai ba, akwai sauran itatuwa a ƙasar Allah. Ta ce da nisa, ga tsufa. Ya ce da nisa, amma babu wata hanya. Ya ci gaba da karatu har jikin Zaituna ya fara karkarwa.

"Zan tafi," in ji muryar. "Na rantse da wanda ya halicce ni da kai. Amma ku ji gaskiya. Muddin ya kunna, zan dawo. Ba ni da ƙarfin ƙin zuwa. Shi ma ba shi da shi."

Ta roƙi a haska mata sau ɗaya, na bankwana. Malam ya yi tunani, ya gyaɗa kai. Labaran ya mayar da fim farko, ya kunna. Ba wanda ya sa tabarau. Tsamiya ta fito biyu-biyu, Uwani biyu-biyu, dishi-dishi kamar abin da ake hange ta cikin hawaye. Da jelar fim ta fara dukan faifai, Zaituna ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a cinyar gwaggonta. Bargon taga ya ɗaga sau ɗaya ya koma. Ƙanshin tsamiya ya tafi, ɗakin ya koma warin fitilar majigi da ƙura.

Malam ya yi addu'a, ya naɗe buzunsa. A bakin ƙofa ya ce da Labaran saura nasa aikin, kuma ba wanda zai yi masa. Ma'u ta raka shi bakin titi.

Labaran ya cire faifan, ya fito tsakar gida, ya tsuguna a gaban murhu. Garwashin bai mutu ba. Ya daɗe a haka, faifan a hannunsa, har aka kira isha'i. Bai ji fitowar Zaituna ba sai da ta zauna a gefensa, ta lulluɓa da zanen gwaggonta, fuskarta ta faɗa amma idanunta nata ne.

Ya ce mata, ba tare da ya dube ta ba, abin da ya fi ci masa rai shi ne fim ɗin ba shi da murya. Akwai inda uwarta ke juyowa ta yi masa magana, shi kuwa a ranar yana can bayan kyamara, ƙararta ta cika masa kunne. Ya kalli leɓunanta ba adadi, bai gane ba. In ya ƙona, shi ke nan ba zai taɓa sani ba.

"Ai ina kusa da ita, Baba," in ji Zaituna. "Da ka tambaye ni."

Ya juyo.

"Cewa ta yi ka yi sauri, sabon takalmin nan yana cin ƙafarta."

Sai wani sauti ya kuɓuce wa Labaran, shi ba dariya ba shi ba kuka ba, ya rufe fuska da gwiwar hannu, kafaɗunsa na girgiza. Da ya lafa, ya warware fim ɗin a kan garwashi. Bai kama da wuta ba, sai ya nannaɗe, ya yi baƙi, ya narke. Suka zauna suna kallo har ya gama.

"Me kuma ta ce?" ya tambaya.

Zaituna ta gyara zama, ta jawo kwanon tuwon da ya huce ta ajiye tsakaninsu, ta fara ba shi labari.