Muryar Mama a Cikin Faifai

Ranar da Auta ta fara ganinsa, garmahon Baba ne rungume a ƙirjinta, shi kuma mai gyara yana duƙe kan wata rediyo. Ya ɗago ya kalle ta, bai farga ba sai da narkakkiyar dalma ta ɗiga masa a yatsa.

Daga nan garmaho ya koyi lalacewa duk sati.

"Zumata," ya rubuto mata, "yau ma na duba shi, lafiyarsa lau. Ni ne dai ba lafiya."

Baba kuwa tun rasuwar Mama ba shi da abokan hira sai faya-fayansa. Akwai wani faifai da Mama ta yi amshi a ciki tana budurwa. Shekara da shekaru yana kasa kunne, shuuu ɗin faifan ya hana shi tsinto muryarta.

Sai ga wani mai shagon kayan sauti, shi ma Autar yake so, ya kawo wa Baba firi-amf, ɗan akwati mai tsada da ke ɗaga siririn sautin allura kafin ya isa amfilifaya, na'urar da ke tura sauti zuwa lasifika.

Da mai gyara ya zo gidan, Baba ya nuna masa akwatin da alfahari.

"Baba, wannan na mai lafiyayyar allura ne da faifai mai tsabta. Duk abin da aka ba shi yake ƙarawa, har da datti. A kan naka, hayaniya zai ƙara."

"Wato kayana ne datti? Hassada ce ke cinka. Kada in sake ganinka a gidan nan."

Auta ta sha kuka, ta ji haushin mai gyara sosai. "Da ka yi shiru mana," ta tura masa. Kwana uku ba ta ɗaga wayarsa ba.

Aka jona akwatin. Shuuu ɗin ya cika falo kamar ruwan sama a kan kwano. Baba ya kashe, ko abinci bai taɓa ba. Washegari da kansa ya ce, "Kira min yaron nan mai baki."

Mai gyara ya wanke faifan, ya sauya allura, ya daidaita nauyin hannun garmahon. Sannan ya jawo akwatin mai shago.

"Cire shi mana," Auta ta raɗa masa.

"A'a, zumata. Kaya ne mai kyau, yanzu ne ya dace da Baba."

Allura ta sauka. Can Baba ya ɗaga yatsa.

"Ga ta nan. Ita ce mai jan ƙarshen baiti."

Sai da waƙar ta ƙare ya share ido.

"A gabana ka yabi kayan abokin takararka. Akwatin zan saya, 'yata ba ta cikin cinikin. Ka turo manyanka."

Ranar biki faifan aka fara sawa. Baba ya haɗa hannayensu ya ce, "Allah ya yi muku albarka." Ya karkata kunne wajen lasifika. "Auta, saurara, ga uwarki nan ta zo."