Sai Ta Miƙa Kundin

"Wannan ce barkar taka, Manase? Kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa!"

Lesieli na tsaye a tsakiyar layin inabi, wayarta a hannu, saƙon jami'a a buɗe. Rana ta take a garinsu Robinvale, ƙudaje sai bin fuska suke yi. Manase bai ɗago ba, ya ci gaba da yanko inabi yana jerawa a kwali.

"Na ce miki barka, Lesi. Me kike so, in taka rawa?"

"Eh, ka taka! Mu ɗari biyu muka gama digiri, bakwai kaɗai aka zaɓa. Bakwai, Manase!"

Ajin zaɓaɓɓu ke nan, shekara ta huɗu da jami'a ke ware wa waɗanda suka fi kowa maki, su yi bincike su rubuta kundi. A duk danginsu ba wanda ya taɓa ko leƙa shi.

Ya ajiye almakashin, ya share gumi da gefen riga.

"Shekara uku kika ce min. Na jira ta ƙare. Yanzu kin ƙaro wata."

"Wata tara ne kawai, masoyina..."

"Ni ma wata tara ya rage min a ƙasar nan."



Ta san takardar aikinsa ta kakar inabi ce, kowane Oktoba yake komawa Tonga, ya dawo idan inabi ya nuna. Amma yau muryarsa daban take.

"Wannan ne zuwana na ƙarshe," ya ce a hankali. "Tun da Babana ya rasu, Mama ita kaɗai ce a tsibirinmu Vava'u, gonar doya na neman zama daji. Na so in tafi da ke a matsayin matata."



Ranar Lahadi aka yi mata liyafa a zauren coci. An gasa alade biyu, ga doya, ga gwaza da madarar kwakwa, mata sai rataya mata furanni suke yi har wuyanta ya yi nauyi. Mahaifinta, Baba Sekope, wanda shekara talatin na tsinkar inabi suka ranƙwafar da bayansa, hawaye kawai yake sharewa.

Gwaggo Kalolaine ce ta yi jawabi. Ita ce yayar Baba, kuma a wurin 'yan Tonga irinsu idan gwaggo ta yi magana, ko uba sai dai ya sunkuyar da kai.

Da aka watse ta kira Lesieli gefe.

"Gidana za ki zauna a Melbourne, yadda kika saba. Amma bana akwai sharaɗi."

"Ina ji, Gwaggo."

"Yaron nan mai tsinkar inabi. Ba kira, ba saƙo, ba haɗuwa, sai kin miƙa kundin nan."

"Gwaggo, ai Baba ma inabi yake tsinka..."

"Shi ya sa nake so ki fita daga cikinsa! Ke yarinya ce, ba ki san komai ba. Takardar zama yake nema, ke kuma a nan aka haife ki. Ki yi min alkawari."

Lesieli ta dubi mahaifinta. Yana can yana tattara kujeru, ya ji komai, amma bai juyo ba.

"Na yi alkawari," ta ce.

Ɗakin gwajinsu a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga ko ɗaya. Ta shiga gari bai gama wayewa ba, ta fito fitilun titi sun kama. Aikinta auna gishirin da ke cinye ƙasar gonakin bakin kogi: ta busar, ta niƙa, ta tace, ta rubuta. Gobe ma haka.

Su bakwai ne a teburi guda, kowa da kofin shayinsa da ya huce. Ba mai tambayar wani ya gida, sai dai, "Shafi nawa ka kai?" Malamarta, Dakta Whitlock, mace ce mai kirki amma ba ta ragi. Babin farko da Lesieli ta kai mata ya dawo jajawur da gyara, har ba a gane rubutun asali.

A gida kuma Gwaggo na jira. Girki, wanki, koyon waƙar coci ranar Laraba, kai ta asibiti ranar Juma'a. Duk baƙon da ya zo sai an fito da ita an nuna.

"Ga 'yar tamu mai ilimi! Gaya musu abin da kike karantawa."

Ta yi murmushi, ta gaya musu, ta koma ɗaki ta kifa kai a kan littafi.

Bronte, ƙawarta a ajin, wata doguwa mai surutu 'yar bakin teku, ita ce ta fara lura.

"Ke, wayar nan da kike ta kallo, aljani ne a ciki?"

"Ba komai."

"Ƙarya kike! Saurayi ne. Kira shi mana!"

"An hana ni."

"Wa ya hana ki? 'Yan sanda?"

"Gwaggota."

Bronte ta tuntsire da dariya har tana buga teburi. Da ta ga idon Lesieli ya ciko sai ta yi tsit.

"Da gaske kike? Shekararki ashirin da biyu fa!"

"Ba za ki gane ba, Bronte."

Shi ma Manase bai kira ba. Ta aika masa da sharaɗin ta bakin ƙanwarta, amsarsa ɗaya ce: ya ji, ba zai sa ta karya alkawari ba. Wannan biyayyar tasa ta fi komai ci mata rai. Da ma ya yi gardama!

A watan Yuli, tsakiyar sanyin ƙasar, na'urar busar da ƙasa ta yi zafi fiye da ƙima a ƙarshen mako. Ranar Litinin ta tarar da aikin wata huɗu ya ƙone ƙurmus. Ta zauna a ƙasa ta rasa ma kukan.

"Ba lokacin zama ba ne," in ji Dakta Whitlock. "Ki ɗauki motar sashe, ki koma garinku ki haƙo sabuwa. Kwana biyu na ba ki."

Gonar da ta fi gishiri ita ce wadda Manase ke yi wa aiki. Mai gonar kuwa, ba tare da ya san komai ba, sai ya haɗa ta da Manase ya taya ta haƙa.

Suka tsaya suna kallon juna, kurangar inabin duk ta kaɗe ganye, iska na yanka kunne.

"Kin rame," ya ce.

"Kai ma."

"Ba ni na karya alkawarin ba. Mai gona ne."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ya haƙa rami shida, tana cika leda tana rubuta lamba. A rami na bakwai ta riƙe shebur ɗin.

"Manase, mu je ofishin aure. Mu biyu, da shaidu biyu. Ba wanda zai sani. Sai ka zauna a nan, mu riƙa aika wa Mamarka abin da take buƙata."

Ya yi mata wani irin kallo.

"Don Gwaggonki ta ce maganarta ta tabbata? A riƙa nuna ni a coci ana cewa ga wanda ya auri takarda?"

"Ni na san ba haka ba ne!"

"Ni kuma ba zan shiga gidanku ta taga ba, Lesi. Mama ma ba aike take buƙata ba, ɗanta take buƙata." Ya sassauta murya. "Ki biyo ni, hasken idona. Ƙasar Vava'u ma tana son mai auna ta."

"In bar Baba da kunya? In bar kundin nan a rabi, bayan duk furannin da aka rataya min?"

"To ki gama, sannan ki zo."

"Gwaggo ba za ta bari ba..."

"To me kike so in yi?"

"Ban sani ba! Ko ina na juya bango ne, Manase! Ko ina!"

Ya jawo ta jikinsa, ta yi kuka a ƙirjinsa har rigarsa ta jiƙe. Da yamma ta loda ledojinta ta kama hanyar Melbourne, ba su yanke komai ba.

Sabon sakamakon ya fi na farko kyau. A watan Satumba Dakta Whitlock ta kira ta ofis tana fara'a.

"Ki zarce digiri na uku. Shekara uku ce, kuma zan tsaya miki a ba ki gurbi."

Lesieli ta yi kuskuren faɗa a gida. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, kafin a kwashe kwanukan abinci ta kira dangi na Sydney, ta kira na Auckland, ta kira na Tonga.

"Dakta Lesieli! A gidanmu! Allah na gode maka!"

Shekara uku kuma. Lesieli ta ji kamar an ƙara wa ɗakin ƙarƙashin ƙasan nan wani kwaɗo.

Ranar da aka liƙa jadawalin kare kundi, ta tsaya gaban allon ta kasa motsi. Ashirin da huɗu ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya. Ranar jirgin Manase ke nan, ƙanwarta ta riga ta gaya mata. Sha biyu saura zai tashi.

"Ki ce ba ki da lafiya!" in ji Bronte. "Ni zan kai ki filin jirgin da kaina!"

Ta girgiza kai.

Ranar ta zo. Ta miƙa kundin da safe, ta tsaya gaban malamai biyar ta yi bayanin gishiri da ƙasa da ruwan kogi, muryarta ba ta karye ba. Agogon bango na fuskantarta. Tana amsa tambaya ta uku ta ga sha biyu saura ta wuce. Ta kau da kai daga agogon, ta ƙarasa amsar.

Aka tafa mata. Ita ba ta ji komai ba.

A bakin ƙofa ta yi turus. Baba Sekope ne zaune a kan benci, da farar rigarsa ta coci da 'yar tabarmar girmamawa irin ta 'yan Tonga ɗaure a ƙugu.

"Baba! Yaushe ka zo?"

"Jiya. Ni na kawo yaron, yau kuma na kai shi filin jirgi."

"Kai... kai ka kai shi?"

"Awa biyar muna mota tare. Sai da muka wuce garin Bendigo ya iya buɗe baki, ya roƙe ni aurenki." Ya murza hannuwansa masu kanta. "Na ce masa maganar ba a hannuna take ba. Amma da safen nan na zauna a ƙasa gaban Yaya. Tun da aka haife ni ban taɓa roƙonta ta janye magana ba, sai yau."

"Me ta ce?"

"Ko uffan. Tana mota. Abin da zan iya na yi, 'yata. Saura naki."

Gwaggo na zaune a gaban mota, gilashi a sauke, tana kallon titi. Lesieli ta ajiye jakarta ta zauna dirshan a gefen titin, ɗalibai na wucewa suna kallonta.

"Gwaggo, na miƙa kundin. Na riƙe alkawarinki, sau ɗaya kawai muka haɗu, shi ma aiki ne ya haɗa mu. Ni ce ma na ce mu yi aure a ɓoye ya samu takarda, ya ƙi." Ta ja numfashi. "Ba zan yi shekara ukun nan ba, Gwaggo. Na gaji. Kuma ina son sa."

Jirgin ƙasa na cikin gari ya zo ya wuce da ƙararrawarsa.

"Ya ƙi, kika ce?"

"Ya ƙi."

"Na riga na gaya wa duniya za ki zama Dakta. Da wane baki zan koma musu?"

"Ki yafe min..."

Gwaggo ta zaro hankici ta fyace hanci da ƙarfi. Idanunta sun yi ja.

"Da Kirsimeti zan je Tonga gyaran kabarin mahaifiyarmu. Ki gaya wa yaron nan uwarsa ta shirya, zan biya ta Vava'u in ga irin gidan da ya fito. Ban ce na yarda ba! Kin ji ko? Ban ce na yarda ba!"

"Na ji, Gwaggo!"

"Kuma ke za ki ɗaukar min akwati. Tashi daga ƙasa, kin tara mana jama'a!"

Lesieli ta kama hannun gwaggonta ta kifa fuskarta a kai, kukan da ta danne tun safe ya ƙwace mata. Gwaggo ba ta janye hannun ba. Baba ya zagaya ya shiga mota, ya daɗe yana laluben makulli, alhali yana hannunsa.