Farantan da Gidaɗo Ya Kawo Daga Teku

Ranar kasuwar Dungas ce, zamanin mulkin Nasara, kakar gyaɗa ta kama. Masu nono sun jeru a gindin gawo, ƙwaryar kowacce ta yi rabi. Ta yarinya ɗaya ce kawai ke cike fal, ita ce kuma ta zauna can gefe ita kaɗai.

Haruna ya sauke buhunan gyaɗa daga kan jakunansa, ya nufo inuwa yana share gumi. Murfin ƙwaryarta ne ya fara ɗaukar idonsa. Sauran mata da faifai suke rufewa, ita kuwa da wani farantin tangaran mai zanen shuɗi, bakinsa duk wasu 'yan ƙuraje farare masu tauri kamar ɓawon dodon koɗi. Da ya ɗaga ido ya ga mai farantin, ai sai ya manta da faranti.

"Sannu da rana. A dama mini."

"Baƙo ne kai?"

"Nan aka binne cibiyata. Na dai daɗe a Kano wurin kawuna."

"Shi ya sa. Je ka can ka saya, kada a ce na cuce ka."

"Can mutane sun yi yawa, ni kuwa ƙishi zai kashe ni."

Ta dama masa. Ya sha ya ƙara, ya kuma ƙarawa, har dariya ta ƙwace mata.

"Kai wane irin Sarkin Ƙishi ne?"

Sunan ya bi shi daga ranar. Ita kuma Hinda, 'yar Malam Sambo makiyayi, ya raɗa mata Shuɗiya.

Ba a jima ba ya ji abin da ya sa ake gudun nononta. Kakanta Gidaɗo ya taɓa kora shanu har bakin teku, ya dawo da farantan nan, kuma babu wanda ya taɓa ganin irinsu. Matarsa ta rasu da ƙuruciya. Farantan suka koma jeren ɗakin 'yarsa, uwar Hinda, ita ma ta rasu Hinda na goye. Shi ke nan gari ya yanke hukunci: wai Gidaɗo ciniki ya yi da aljanun ruwa, suka ba shi kaya, ya ba su matan gidansa, ƙurajen nan kuwa shaidar hannunsu ce. Mutanen da ko kogi ba su da shi, amma kowa gwani ne a kan labarin teku!

Hinda ba ta ɓoye farantan ba. Da gangan take rufe ƙwarya da ɗaya, ta fito kasuwa kanta a sama.

Haruna ya riƙa zuwa zance. Wata rana da la'asar, suna tsaye bakin dangar gidansu, ya ce, "Shuɗiya, zan turo manya."

Ta sunkuyar da kai. "Ka fara tambayar Innarka."

Ya tambaya kuwa. Inna Kulu tana tankaɗe, ta ajiye rariya. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, amma ran nan saura kaɗan.

"Kai! Duk 'yan matan Dungas ka rasa sai jikar Gidaɗo? Yarinyar ba ta da aibu, ni ma ina ganinta. Amma wallahi kayan nan ba za su kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da ni ba. A binne su, in je da kaina in yi mata guɗa. In ba haka ba, babu ni babu auren."

Mahaifinsa Malam Alhassan ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, "Ka dai ji uwarka."

Malam Sambo da ya ji sharaɗin har daɗi ya ji, don ya gaji da ganin 'yarsa a gefe. Ya ɗauko fartanya ya ce a kawo su. Hinda ta tsaya a ƙofar ɗaki.

"Baba, ka yi mini rai. Ban san fuskar Inna ba. Abin da na sani nata ke nan, a cikinsu ta ci, hannunta ya wanke su. In na binne su yau, na yarda ke nan da cewa ita kayan ciniki ce. Gara in tsufa a gidan nan."

Ta faɗa wa Haruna haka nan, hawaye na zuba amma muryarta ba ta rawa. Ya daɗe yana kallonta. Ya ji tausayinta, ya kuma ji sonta ya ninka.

"Ara mini guda ɗaya," in ji shi. "Duk abin da ya zo gari, hanya ya biyo. Zan bi sawunsa har inda ya fito."

Ta naɗe farantin a ɗankwalinta ta miƙa masa. "Sarkin Ƙishi, raina na ba ka."

Ya fara da garin Magariya. Akawun kantin Nasara ya juya farantin, ya ga tambari a gindinsa, ya ce aikin Turai ne, jiragen 'yan kasuwa ke kawo irinsu bakin teku, amma wannan ya girmi kantin da mai kantin. Ƙurajen kuwa bai san su ba. Ya tura shi wurin Baba Sale, tsohon sojan Faransa da ya ƙetare teku, yanzu yana ɗinkin takalma a bakin kasuwa.

Baba Sale ya shafa bakin farantin da babban yatsa, ya yi murmushi.

"Ɗana, wannan ai ƙwarin ruwan gishiri ne. Haka suke mannewa a gindin jirgi, na ga ana kankare su a Dakar. Farantin nan ya kwana ƙasan teku shekaru. Jirgi ne ya nutse da shi."

Haruna ya dawo Dungas da murnarsa, ya zayyana wa Inna Kulu. Ta dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu! Ashe da gaske daga ƙasan ruwa ya fito? To wa ke zaune ƙasan ruwa? Wa ya miƙo wa Gidaɗo? Ka je nemo magani ka dawo mini da shaida!"

Ga kuma wata sabuwa. Akwai Bawa, mai awon gyaɗa a kantin nan na Magariya, wanda ya daɗe yana zawarcin Hinda da alkawarin sababbin kwanoni, in dai za ta ba shi tsofaffin farantan ya rabu da su. Ya san akwai Nasaran da ke son irin waɗannan kaya. Shi ne ya riga Haruna isa wurin Hinda, ya ce da idonsa ya gan shi yana tallan farantin a kanti.

Hinda ta ƙi fitowa zance. Saratu, 'yar gwaggonta, ita ta kawo saƙo, ta faɗe shi yadda aka ba ta:

"Ta ce in gaya maka, in talauci ne da ka faɗa, da ta sayar da karsanarta ta ba ka. Ta ce ba ta yi fushi ba, ta dai daina cin abinci."

Haruna ya kwance ɗankwalin, ya nuna wa Saratu farantin.

"Ki duba da kyau, ki je ki faɗi abin da kika gani. Ki ce mata Sarkin Ƙishi bai sha nonon kowa ba tun da ya tafi. Ki ce mata ban gama ba, kuma ba zan tsaya a gabanta ba sai da amsa. Ta ci abinci, don Allah."

Saratu ta dawo kafin ya ɗaura wa jaki akumari.

"Ta ce ka yafe mata. Ta ce Allah ya kai ka ya dawo da kai. Na baro ta tana cin tuwo tana kuka. Bawa kuwa ta ce in ya sake tako ƙofar gidan, da muciya za ta tarbe shi."

Yanzu abin da Haruna ke nema mutum ne wanda ya yi tafiyar nan da Gidaɗo. Nan fa wuyar take, don babbar yunwar da aka yi ta kwashe tsofaffin wancan zamani. Ya bi ƙauye ƙauye, ya bi rugage, wasu su yi masa dariya, wasu su ja baya da sun ga abin da ke cikin ɗankwali. Takalminsa ya tsinke, ya ɗaure da kaba. A wata rijiya wani makiyayi ya ce masa akwai wata tsohuwa a Dogo-Dogo, Iya Fadi, da ake cewa ta ga teku tana amarya.

Ya same ta tana ɓarzar gyaɗa a inuwar rumbu, ido ya yi rauni amma baki garau.

"Wane ne wannan? Miji na samu da tsufana?"

"Ni ne, Iya, amma sai kin biya ni da labari."

Ya sa mata farantin a hannu. Ta laluba bakinsa.

"Na Gidaɗo ne," ta ce. "Ina ka samo?"

Ya gaya mata komai, har da zancen aljanu. Tsohuwa ta yi dariya har da tari.

"Aljanu? Aljanun da na gani masunta ne, da zane a ƙugu, suna warin kifi! Mijina na cikin ayarin, ni ke yi musu tuwo. Gaba da Ikko akwai wani tsohon jirgin 'yan kasuwa da ya fashe tun kafin a haife mu, in ruwa ya janye ana hango ƙarafansa. Masunta su nutsa su ɗebo kaya, su baza a rairayi. Gidaɗo ya ba su tunkiya da fatu, suka ba shi faranti. A gabana aka yi, rana tsaka. Ya ce matarsa zai kai wa, don ba ta taɓa cin abinci a abu mai kyau ba. Mutuwa kuwa, ɗan nan, wace mace ce haihuwa ba ta yi wa barazana a lokacin? Ni da ban da faranti 'yan'uwana mata nawa na binne?"

Haruna ya ji ƙwalla ta cika masa ido. "Iya, ni na yarda. Amma Innata za ta ce labari ne."

"To ta je ta tambayi gidan Wakili madugu. A hanyar dawowa zazzaɓin kurmi ya kayar da Gidaɗo, ayari ya ce a bar shi. Wakili ya sauka daga jakinsa ya ɗora shi, ya taka da ƙafa har gida. Da Gidaɗo ya warke ya zaɓi farantin da ya fi kyau ya ba shi. Wakili yana ginin zaure a lokacin, ya sa magina suka manna shi a tsakiyar rufi, yadda masu hali ke yi."

Haruna ya miƙe tsaye bai sani ba.

"Iya, Wakili kakana ne."

"Af! To me ka zo yi nan? Koma gida ka ɗaga kai."

Da hantsi ya iso Dungas. Bai ko sha ruwa ba, ya aika Saratu ta kira Hinda da Malam Sambo, ya roƙi Inna Kulu ta fito zaure. Ya jingina tsani. Can tsakiyar rufin akwai wani baƙin abu mai siffar da'ira, hayaƙin wutar sanyi na shekara da shekaru ya rufe shi. Malam Alhassan ya ce tun yana yaro yake ganinsa haka, bai taɓa tambaya ba.

Haruna ya hau da tsumma da ruwan toka. Ya goga, baƙin ruwa na bin hannunsa har gwiwa. Fari ya fito. Sai shuɗi. Sai 'yan ƙurajen nan a baki, rabinsu cikin laka.

Hinda ta kwance ɗankwalin da Haruna ya mayar mata, ta ɗaga nata sama. Zane ɗaya ne.

Haruna ya faɗi abin da Iya Fadi ta ce daga kan tsani, sannan ya sauko ya durƙusa gaban uwarsa.

"Inna, kin ce ba za ki kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da su ba."

Inna Kulu tana ta kallon sama. Ta wannan zauren aka shigo da ita amarya. A nan aka raɗa wa 'ya'yanta suna ɗaya bayan ɗaya, ga su nan duk a raye, ga ta ita ma ko ciwon kai ba ta cika yi ba. Ta sauke ido kan Hinda, ta ga yarinyar na rungume da farantin a ƙirji, sai kunya da tausayi suka kama ta.

"Zo nan, 'yata. Mun zalunci uwarki, har da bakina a ciki. Allah ya jiƙan ta, ke kuma ki yafe mana."

Hinda ta faɗa jikinta tana kuka. Malam Sambo ya juya fuska bango yana share ido da hannun riga.

Bayan an gama sussukar gero aka ɗaura aure. Bawa bai zo ba, ba a kuma neme shi ba. Aka ɗauko Iya Fadi a kan jaki daga Dogo-Dogo, tana ta ƙorafin an yi mata ƙwacen miji. Ranar jere, Inna Kulu ta hana kowa taɓa farantan. Ita ta wanke su, ita ta jera su a ɗakin amarya, sannan ta zuba tuwon biki a guda ɗaya, ta fito tsakar gida ta ci a gaban matan gari. Da suka ga ta suɗe hannu, sai ga hannuwa suna miƙowa.

Da mutane suka ragu, Haruna ya shigo ya tarar da amaryarsa tana kallon jeren.

"Shuɗiyata, me kike gani?"

"Innata nake gani. Yau ta shigo gidan mutane ta ƙofa."

Ya zauna kusa da ita. "To a dama mini. Tun Dogo-Dogo nake jin ƙishi."

Ta yi dariya, ta jawo ƙwarya, ta ɗauke farantin da ke rufe da ita.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya jiƙan Gidaɗo da Wakili da matan da aka yi wa ƙazafi suna kabari. Amin.