Jinin da Mahauci Ya Shinshina

Ranar da Kasozi ya fara ganin Nalubega, tana tsaka da yanka wuyan jarumi ne. Ita ke haɗa jinin fim da kala da garin rogo, ta ɗura a leda, ta ɓoye a rigar wanda za a kashe. Shi kuwa ɗan walda ne, da bututun ruwa yake ƙera wa 'yan fim bindigogi a bayan kasuwar Nateete.

"Jinin nan ya yi ruwa," in ji shi.

"Bindigarka ma da famfo ta yi kama," ta ce.

Kafin wata ya ƙare, saƙonsa ya shigo wayarta: "Jar Wardina, kin harbe ni, kuma ba da bututu ba."

Mahaifinta Lubega, mahauci ne mai zafin zuciya, ya rantse ba zai ba maƙerin bindiga 'yarsa ba. Mukiibi kuwa, jarumin da take yankawa kullum, shi ma sonta yake, kishi na cinsa.

Wata Talata da rana Kasozi ya ratsa kasuwa da buhun bindigogi. Mukiibi ya nuna shi, ya ƙwala ihu, "Ɗan fashi!"

Ba wanda ya tsaya bincike. Dutse ya fasa masa goshi, sanda ta karya masa hannu. Aka rataya masa taya, wani ɗan acaɓa ya fara zuƙo fetur.

Nalubega ta kutsa da gudu ta faɗa kansa. Sanda ta sauka a bayanta, sai jini ya tsinke ta rigarta, ta yi luf.

Lubega ya ture mutane ya durƙusa. Ya taɓa jinin, ya kai hanci. Shekara talatin yana yanka, ina zai kasa gane rogo? Ya dubi yaron da ke neman kare kan 'yarsa da karyayyen hannu, sannan ya miƙe da wuƙa.

"Kun kashe min 'ya! Wa ya doke ta?"

Kasuwa ta watse, Mukiibi a gaba.

"Taata," ta raɗa wa mahaifin nata, "sun tafi?"

"Rufe ido, marar kunya."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure, ango da tabo a goshi. Lubega ya haɗa hannayensu, idonsa ya cika da hawaye.

"Allah ya yi muku albarka, ya sa jinin ƙarya kaɗai za ku ƙara gani. Amma yaron nan gaskiya ya faɗa, 'yata, jininki ya yi ruwa."