Maganin Daji

Da safe Likita ta buɗe firjin ɗakin bincike, ta tarar babu kwalbar maganin da suke gwaji da shi. A gurbinta, kular abinci ce a zaune.

Sufeton 'yan sanda ya iso yana share gumi, ita kuwa ta kama yi masa lacca.

"Muna ɗiga shi ne a kan jinin doki a cikin faranti, don ƙwayar cutar da ta ɓuya ta fito fili, daga nan..."

"Likita, don Allah. Idan mutum ya sha fa?"

"Mutuwa zai yi."

"To ai da wannan za ki fara!"

Aka kira mataimakinta. Ya ce ko da safar hannu biyu, jikinsa rawa yake in zai taɓa kwalbar. Sufeto ya leƙa kwandon shara, babu safa ko ɗaya. Wanda ya ɗauka da hannu tsirara ya ɗauka, wato bai san guba ba ce.

Mai kula da dawakai ya shigo, ya fara da tarihin wata goɗiya mai tari. Haushi ya kama Sufeto.

"Malam, kwalba nake tambaya!"

"Yallaɓai, ni ba a barina na wuce ƙofa. Wai takalmina na kwaso datti."

Daɓen kuwa tas yake, ko ɓurɓushin ciyawa babu. Sufeto ya nuna kular.

"Wannan ta waye?"

"Mamata ce ta kawo min jiya," in ji Likita. "Ina cikin aiki, na ce ta saka a firji."

"Ta tambaye ki kwalbar?"

"Eh. Na ce maganin daji ne."

"Ciwon daji kika ce, ko daji kawai?"

"Daji kawai," in ji Likita.

"Ɓarawo ba ya barin abinci," Sufeto ya ce yana laluben makullin mota. "Tsohuwa ta ji daji, ta ɗauka saiwa da ganye ne. Tana da wani ciwo?"

"Gwiwa... ina ji."

"Kina ji!"

Sun sami tsohuwar a tsakar gida, ta miƙe ƙafa, ga kofi a gefe, tana fama da murfin ƙarfen kwalbar da wuƙa. Likita ta fizge kwalbar. Murfin ya lotse, amma bai buɗe ba.

"Mama, sankara! Maganin sankara ne! Kashe ki zai yi!"

Tsohuwa ta kalli Sufeto sama da ƙasa, ta ajiye wuƙar.

"Har da ɗan sanda, Auta? Tun bara nake cewa ƙwayoyin asibiti sun ishe ni, ki nemo min na daji. Sai na gan shi a firjinki, kin ajiye wa doki."

"Da kin tambaye ni, Mama."

"Na tambaya. Kin amsa min ba ki ɗago kai ba."