Fuskar da Ke Kama Harshe

Ƙarfe ɗaya na rana suka banke ƙofar, lokacin da rabin garin Samaná ke barcin shinkafa da wake.

"Kowa ya kwanta!" in ji Eladio, shugaban tafiyar, yana kaɗa bindiga.

Kowan nan mutum ɗaya ne: Doña Casilda, tsohuwar malamar firamare, riƙe da cokali. Ta dube shi ta saman tabarau. "Eladio ɗan Fermina? Har yau ba ka koyi ƙwanƙwasa ƙofa ba?"

Ya kwaɗa mata gindin bindiga a baki.

Radhamés ya kau da kai. Shi ba ɗan fashi ba ne, haka yake gaya wa kansa, masassaƙi ne. Shekara ashirin yana sassaƙa fuskokin jabu irin na Taino, mutanen farko na wannan tsibiri, da katantanwar teku, ya jiƙa su a kofi, ya binne su wata uku a garken alade, ya sayar wa 'yan yawon buɗe ido da sunan kayan kakanni. An ɗauko shi ne don ya nuna fuskar gaske, wadda mijin tsohuwar ya tsinta a kogo. Mai saye zai zo da jirgin ruwa bakin teku.

Tana nan kan teburin addu'a, tsakanin kyandir da kofin ruwa: fuska kamar tafin hannu, idanu rami, haƙora a waje. Wani ya goge ta da yashi tun kafin jirgin Bature ya taɓa tsibirin. Radhamés ya ɗauka. Ya dubi jinin da ke ƙasa. Ya dubi Eladio yana cusa soyayyiyar ayabar tsohuwar a baki. Ya rantse a ransa wannan ƙazamin ba zai riƙe ta ba. Ya zura ta gasken a aljihun ƙirji, ya zaro tasa ta jabu daga wando.

"Ga ta, oga."

Pinto direba na jira da babur. Su uku a kai — kwana — gangara — sai rairayi!

A ofishin 'yan sanda, Sajan Peguero ya ce mota ba mai. Da aka faɗa masa wadda aka fasa wa baki, sai ya miƙe ya ari babur. Ita ta koya masa rubuta sunansa.

Jirgin bai iso ba. Eladio ya zauna kan kwale-kwale yana jujjuya fuskar. Nan Radhamés ya tuna ranar shiri, giyar rake a kansa, yana burga da sirrin sana'a: tsohuwar katantanwa ta bushe, kama harshe take yi, sabuwa kuwa santsi gare ta.

Eladio ya zaro harshe. Ya lasa. Ya sake lasa, a hankali.

"Gwani," ya ce, "me ya sa kakanninmu ke ɗanɗanon kashin alade?"

Radhamés ya ce ai haka kogo yake.

Tau! Harbi ɗaya, a ƙirji, daidai aljihu.

Da Sajan ya iso, Pinto ya ɗaga hannu, ya nuna bayan kwale-kwale tun ba a tambaye shi ba. Can aka sami Eladio durƙushe yana kwara amai.

Washegari Sajan ya kai wa Doña Casilda fuskar a asibiti, da mai hoto a bayansa. Ta shinshina, ta ture.

"Ba ita ba ce, Peguero," ta ce ta cikin ɗinkin baki.

"Malama, ki yi haƙuri. Manya sun riga sun taso daga babban birni don su karɓe ta."

Mutum ɗaya ya mutu, biyu suna kurkuku, tsohuwa ta koma shan romo. Fuskar garken alade tana cikin gilashi a gidan tarihi, da takarda a ƙasanta mai cewa shekara ɗari bakwai, 'yan makaranta na bin layi su gani. Ta gasken kuwa, mai wankan gawa ne ya kakkaɓe ta daga aljihun Radhamés: farin gari da ƙananan haƙora uku. Ya yi tsaki, ya share su zuwa kwata.