Kwalaben da Baba Ya Ajiye

"Sau biyu ke nan ana ɗaga bikin nan, Valvanera! A kan me? A kan abinci!"

Muryar Anxo ce, wanda za ta aura, yana faɗa a waya. Ta runtse ido.

"Haba abin ƙaunata, ka ƙara min haƙuri..."

"Haƙurin ya ƙare. Mama ta ce in aka sake ɗagawa, ba da ita ba. Ni kuma kin san ba zan yi aure uwata na gida tana kuka ba."

Ƙit, ya kashe wayar.

Kai, wannan fitina da me ta yi kama! Dangin Anxo mutanen bakin teku ne na Galicia, a wurinsu biki ba kaguwa da jatan lande abin gori ne har jikoki. Shi kuwa babanta, Eusebio, tun shekarar da aka haife ta ya ajiye kwalaben jar giyar inabi daga gonarsa da ke yankin Rioja, ya ce sai ranar aurenta za a buɗe. Ya kuma kafe, ba za a haɗa su da kayan teku ba.

Ranta a ɓace ta sauka ɗakin ƙasa inda ake ajiyar giya. Ta tarar da shi yana goge ganga.

"Baba, so kake in tsufa a gidan nan?"

"So nake a yi abu yadda ya dace. Giyar nan nauyi gare ta, 'yata. Ƙamshin baƙin inabi, ga na itacen ganga, ga ɗan ɗaci mai kama harshe. Haƙarƙarin ɗan rago take so, wanda aka gasa da ƙiraren inabi, ko tsohon cuku. Ki haɗa ta da kaguwa, kamar kin lashi ƙarfe!"

"Na ji wannan karatun har na haddace! Bari in ɗanɗana da bakina."

"Kar ki taɓa!"

Ina! Ta riga ta fizgo kwalba. Tana zare toshiyar ta marmashe a hannunta. Ta tsiyaya, sai ga abu ja-ja mai duhun ƙasa. Ta kurɓa, ta furzar. Tsami kamar ruwan tsami, ba ƙamshi ko na magani.

Ta buɗe wata. Duk ɗaya.

Ta juyo. Tsohon bai yi mamaki ba, ƙasa kawai yake kallo. Nan jikinta ya yi sanyi.

"Baba... ka sani?"

"Tun bara." Da ƙyar maganar ta fito. "Toshiyar ce ta ci amanata, iska ta shiga. Duka sun mutu."

"Shi ne ka ɗora wa kaguwar mutane laifi? Ka bar ni ina kuka, ina ba Anxo haƙuri kamar mai roƙon bashi? Saura ƙiris ka raba ni da shi!"

"Duk garin nan sun san da kwalaben nan! A gaban surukai za a buɗe, su yamutsa fuska? Mahaifiyarki ba ta da rai, ni ba wani abu gare ni ba. Su kaɗai ne abin da zan ba ki..."

Haushi ya cika ta fal, tausayi kuma ya hana ta sakat. Ta rasa wanda za ta bi, sai hawaye.

Ta share ido ta ce, "Giyar da ka yi bana fa? Mai sauƙin nan?"

"Ta yara ce. Sai an ɗan sanyaya ta..." Ya ja hanci. "Tana dacewa da kayan teku, ba laifi."

"To ita za a sha."

Ta kira Anxo, ta danƙa wa tsohon wayar.

"Ungo. Kai ka ɓata, kai za ka gyara."

Ya riƙe wayar da hannu biyu, ya kara a kunne.

"Anxo, ɗana... ka gaya wa mahaifiyarka ta zo da kaguwarta. Ranar tana nan, ba za a sake ɗagawa ba."